Nazarin Lamari: Malamin da Ya Kai Ɗalibansa Kan Dutse a Yankin Riruwai Bayan Yunƙuri Biyu Sun Ci Tura

Asalin lamarin

Malamin da wannan nazari ya shafa yana koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare da ke wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin Jihar Kano inda ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi. Ba ɗan yankin ba ne. Daga arewacin jihar aka turo shi, inda ƙasa take a shimfiɗe, yashi ko'ina, kuma kafin zuwansa bai taɓa hawa dutsen da ya wuce Dala da Gwauron Dutse ba.

Wanda ya san Kano daga birni kaɗai zai yi mamakin wannan yanki. Duwatsun Riruwai su ne mafi tsayi a jihar, wasu sun haura mita 1,000 daga doron teku, kuma dangi ɗaya suke da duwatsun Jos: ragowar aman wuta ne na miliyoyin shekaru, shi ya sa kuza ta wadata a cikinsu har aka daɗe ana haƙarta. Ruwan sama ya fi na birni yawa, damina ta fi tsawo. A gefe ga Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Itatuwan doka da maje da marke da maɗaci sun rufe gangaren duwatsun, gora kuma ta bi bakin ƙoramu.

Bayan makarantar akwai wani dutse mai daji a jikinsa. Wata ƙorama tana tasowa daga samansa, ta faɗo daga wani falalen dutse da tsayinsa ya kai na bene mai hawa uku, ta taru a gurbi, sannan ta ratsa gonaki ta yi arewa. Ɗaliban kullum suna kallon dutsen ta taga, amma da malamin ya tambayi 'yan aji biyar, waɗanda suka taɓa zuwa magangarar ruwan ba su da yawa, wanda ya taɓa kai wa ƙololuwa kuwa babu, a cikin 'yan mata ko gindin dutsen ba wadda ta taɓa wucewa. Ga shi kuma duk shekara a wuri ɗaya suke faɗuwa jarrabawa, wato karatun taswira, musamman layukan nan da ke nuna tudu da kwari. Ya zana a allo, ya tara ƙasa a tsakar makaranta ya yi musu ɗan tudu, abin bai shiga ba. Sai ya yanke shawarar ya kai su kan dutsen da taswira a hannu, su ga abin da idonsu.

Da ya auna da wayarsa, daga ƙofar makaranta zuwa ƙololuwa ta hanyar da ta miƙe kai tsaye kimanin kilomita 4 ne, hawan kuma kimanin mita 350.

Maris, shekarar farko: yunƙurin bazara

Malamin ya yi lissafinsa da wata tsohuwar ƙa'ida ta masu hawan duwatsu, wadda wani ɗan Sukotland mai suna William Naismith ya fitar a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Da wannan lissafi, sa'a ɗaya da rabi ta isa a kai sama. Ya nemi izinin shugaban makaranta, ya samu, ya zaɓi ƙarshen zango na biyu.

Ɗalibai kusan 40 suka fita, duk maza, shi kaɗai ne babba a cikinsu. Sai da aka gama taron safe aka kira suna, ba su bar makaranta ba sai ƙarfe 9:30. Kowane yaro na riƙe da ledar fiya wata biyu, lita ɗaya ke nan. Yawancinsu silifa ce a ƙafarsu.

A watan Maris yawancin itatuwan sun kaɗe ganye, ciyawa an ƙone ta tun hunturu, inuwar da ake hangowa daga nesa babu ita a ƙasa. Falalen dutse ya ɗauki zafi yana mayar wa mutum a fuska. Kafin ƙarfe 11 ruwan yawancin yaran ya ƙare. Layin tafiyar ya tsinke, masu ƙarfi sun yi gaba har ba a jin muryarsu, na baya suna zama a duk inda suka ga 'yar inuwa. Da tsakar rana aka isa magangarar, aka tarar ruwan sai ɗigo yake a jikin dutsen, gurbin ya koma kududdufi kore mai sawun shanu a gefensa. Yara uku jiri ya kwashe su, ɗaya ya yi amai. Wasu ƙishirwa ta sa suka sha ruwan kududdufin. Daga nan aka juya, rabin hanya ke nan, kuma a cikin makon yara biyu suka kwanta da gudawa.

Abin da malamin ya ɗauka daga wannan rana shi ne lokacin ne bai dace ba: da damina aka zo, da an sami inuwa da sanyi da ruwa. Bai sake duba hanyar ba, bai kuma tambayi kowa a garin ba.

Yuli, shekarar farko: yunƙurin damina

A karo na biyu an yi gyare-gyare da dama. An rage yawan yaran zuwa 25, wani malami ya biyo baya, an ce kowa ya zo da kambas, an sayi igiya doguwa, an fita ƙarfe 8. Kowa ya zo da ruwa a gora da ɗan ƙunshin abinci. Ƙarshen Yuli ne, ana gab da hutun ƙarshen shekara, gari ya waye tas babu ko gizagizai.

Hanyar kai tsaye tana tsallaka ƙoramar a gindin dutse, inda ta fi faɗi. Da safe ruwan iyakarsa idon sawu, suka ratsa suna wasa. Daji ya yi kore shar, magangarar kuma ta cika ta batse, ƙararta tun daga nesa ake ji, feshinta na jiƙa mutum kafin ya matso. Yaran suka ƙi tashi. Aka ci abinci, aka yi hotuna, sai wajen ƙarfe 1 aka kama hawan kashi na biyu.

Daga magangarar zuwa sama hanyar tana bin jikin falalen dutse ne, kuma da damina ruwa na tsattsafowa a kansa dare da rana har gansakuka ta lulluɓe shi. Aka ɗaure igiyar a jikin wani marke. Maimakon ta taimaka sai ta tara yaran wuri ɗaya, mutum shida bakwai suna rataye da ita lokaci guda, in ɗaya ya zame sai ya fizgi sauran. Sabon kambas ɗin da iyaye suka yi ƙoƙari suka saya ya fitar wa wasu da ƙuraje masu ruwa a diddige, tafinsa kuma bai kama jiƙaƙƙen dutse. Wani yaro ya zame ya gangaro 'yan taku kaɗan, ya yi targaɗe a ƙafar dama. Ana cikin duba shi hadari ya haɗu a gabas.

Suka juyo da sauri gwargwadon yadda mai goyon majinyaci zai iya. A inda suke yayyafi kawai aka yi, amma a saman dutsen ruwa ya zuba sosai. Da suka iso mashigin da suka ratsa da safe, sai suka tarar ƙoramar ta koma ja, tana tafe da rassa da ciyayi, ta kai ƙugun babba. Wasu manyan yaran suka ce a miƙa igiya a tsallaka. Wani Bafulatani makiyayi da ke fake da shanunsa a ƙarƙashin wata ɗorawa ya taso ya tsaya a gabansu, ya ce wa malamin: "Malam, kada ka bar ko yaro ɗaya ya sa ƙafa. Wannan ruwan ko saniya ba na shigarwa. Ku zauna, zai janye."

Sun zauna kusan sa'a uku. Babu sabis a wurin, babu hanyar sanar da gida. Ruwan ya sauka zuwa ƙasa da gwiwa gab da magariba, makiyayin ya nuna musu inda ƙasan yake tsakuwa ba dutse mai santsi ba, suka ratsa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da suka shigo gari duhu ya yi, iyaye sun cika ƙofar gidan dagaci, wasu har sun ɗauko fitilu za su shiga daji. An kai yaron wurin mai ɗori, daga baya asibiti ya tabbatar ba karaya. Washegari shugaban makaranta ya hana duk wata fita zuwa dutsen.

Abin da ya faru da ƙoramar ba baƙon abu ba ne a irin wannan ƙasa. Dutsen ba ya shan ruwa. Ruwan sama in ya sauka a kansa tamkar ya sauka a kwanon rufi ne, nan take ya gangara ya haɗu a kwari ɗaya. Saboda haka ƙorama na iya tasowa cikin ƙasa da rabin sa'a ko da ba a yi ruwa a inda kake tsaye ba, kuma ruwa mai gudu ko a gwiwa ya tsaya yana kayar da babban mutum. Hadarin wannan yanki kuma yawanci daga azahar zuwa yamma yake tasowa, ta gabas, da iska da tsawa. Da sun yi nasarar kai wa ƙololuwa a ranar, da aradu ta same su a wurin da ya fi ko'ina haɗari.

Agusta zuwa Oktoba: watannin tambaya

Malamin bai tafi hutu gida ba sai na 'yan kwanaki. Da ya dawo ya je gaida dagaci, ya ba da haƙuri kan abin da ya faru, ya kuma faɗi dalilin da ya sa yake son yaran su hau.

"Ranka ya daɗe, ba yawon shaƙatawa nake nufi ba. Karatu ne, kuma a kan dutsen nan yake."

Dagacin ya ce masa niyyar ba laifi, amma da ɗan gari akan ci gari, shi kuwa sau biyu yana shiga daji da 'ya'yan mutane bai ko sallama wa masu dajin ba. Ya haɗa shi da sarkin bakan garin, dattijo da ya haura sittin, ya kuma aika wa arɗon rugar da ke gindin dutsen.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar lokaci, kuma a nan komai ya sauya. Sarkin baka ya fara da tambayarsa ta ina suka bi. Da ya ji, sai ya ce wannan ai ba hanya ba ce, mazubin ruwa ce: abin da malamin ya ɗauka turba, zaizaya ce ta share shi, shi ya sa ya miƙe sak daga sama zuwa ƙasa. Mai farauta ba ya binsa, makiyayi ba ya binsa. Hanyar da ake bi tana zagayawa ta kafaɗar dutsen ta yamma, labin da shanu suke hawa da rani in kiwo ya yi wuya a ƙasa. Saniya ba ta hawa tsaye, a kaikaice take bi tana kwana, don haka duk inda shanu suka tattaka shekara da shekaru mutum zai hau shi ba tare da ya dafa ƙasa ba.

Bayan marka ta wuce suka fara bin labin tare, shi da dattijon, wani lokaci da ɗan arɗo. Wayar ta nuna kimanin kilomita 6 zuwa sama, wato ƙarin kilomita 2 a kan hanyar farko. Amma ba ya taɓa falalen dutsen ko kaɗan, kuma maimakon ya tsallaka ƙoramar a gindi inda duk ruwan dutsen ya haɗu, yana tsallaka ta ne a can sama inda take 'yar siririya, taku ɗaya. Daga ƙololuwa kuma akwai wata 'yar turba da ke saukowa ta cikin gora zuwa magangarar ta gefe. Ma'anar wannan ita ce ana iya juya tsarin tafiyar gaba ɗaya: a fara da ƙololuwa da sanyin safiya lokacin da ƙafa ke da ƙarfi, a sauko wurin ruwa da inuwa lokacin da rana ta take.

Kan lokaci kuwa, dattijon da arɗon bakinsu ya zo ɗaya. A bari ruwa ya ɗauke, a ƙara mako biyu ko uku. Lokacin dutse ya bushe, gansakuka ta mutu, ƙorama ta yi garau amma ƙasa ba ta gama sakin ruwan da ta sha ba, don haka magangarar na nan da ƙarfinta. Hazo bai sauko ba, ba a fara ƙona daji ba, ganye na nan a itace. A yankin wannan yana kamawa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba.

Wannan lokaci ma yana da nasa matsalolin, kuma ba a ɓoye wa malamin ba. Gamba ta fi tsayin mutum, ta rufe labin a wurare da yawa, kaka kuma lokacin macizai ne, kububuwa da kasa. Sarkin baka ya ce a sassabe hanyar faɗin taku biyu kwana kaɗan kafin fitar, kowane yaro ya riƙe sanda, kada wanda ya sa hannu a kogon dutse ko ya ɗaga dutse ya zauna. Ma'aikacin lafiya na ƙauyen ya ƙara da cewa in tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin saran, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron, a nufi asibiti. An tanadi ɗan acaɓa biyu da za su jira a inda babur ke iya kai wa. Shi ne kuma ya yi gargaɗi kan wanka a ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya, ya koya wa malamin haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wani bayani mai muhimmanci daga mata masu itace ya fito, ta bakin wata malama da ta tambaye su. Akwai wani kogon maje a kusa da labin da zuma ta daɗe a ciki, kuma hayaniya ko turare na tayar da ita. Aka karkatar da hanyar daga wurin, aka hana shafa turare ranar fita.

Sai batun tsaro. Dazukan wannan yanki sun sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa a wasu shekaru, iyaye ba su manta ba. Dagaci ya sa aka sanar da 'yan sanda da shugaban 'yan sa-kai, aka amince mutum biyu daga cikinsu za su bi tafiyar, kuma ba za a kusanci iyakar gandun daji ba. Arɗo ya ɗauki alkawarin in an ga baƙuwar fuska a dutsen a makon, zai aiko a ɗaga tafiyar.

Shawo kan iyaye ya fi duk waɗannan wuya. An zauna da su bayan sallar Juma'a a ƙofar dagaci, sarkin baka ne ya yi yawancin maganar, ba malamin ba. Mahaifin yaron da ya yi targaɗe ya ce shi ba zai hana ba, amma da shi za a je. Aka ce madalla. Kan 'yan mata, an amince da sharaɗin malamai mata biyu su kasance tare da su. An kauce wa ranar kasuwa, an kuma zaɓi Asabar ɗin da masu girbin masara suka ce za su iya sakin yaransu. Da shugaban makaranta ya ga takardar da dagaci ya sa wa hannu, sai ya janye hanin.

Mako uku kafin ranar, 'yan ajin suka riƙa zagaya gonaki da yamma na tsawon sa'a ɗaya, sau biyu a mako, kowa da takalmin da zai hau da shi. An ce kada a sayi sabo. Takalmin roba rufaffe irin na makiyaya, wanda ƙafa ta saba da shi, shi aka fi so.

Makon farko na Nuwamba: hawa na uku

An raba ajin gida uku, kowane rukuni da Asabar ɗinsa. Rukunin farko ɗalibai 15 ne, 6 daga cikinsu mata, manya kuma 7: malamin, malamai mata biyu, sarkin baka, 'yan sa-kai biyu da mahaifin yaron nan. Kowane yaro ya ɗauki ruwa lita 2, da dabino da ƙuli-ƙuli da gurasa ko ɗumame. Aka bar gari ƙarfe 6, bayan sallar asuba.

An kafa dokoki uku aka maimaita su a gindin dutse. Sarkin baka ne a gaba, ba mai wuce shi, kuma yaran da suka fi sanyin tafiya su ne a bayansa kai tsaye, masu ƙarfi a ƙarshe. Ɗan sa-kai ɗaya ne na ƙarshe da usur a wuya, in ya busa kowa ya tsaya inda yake. Ƙarfe 10:30 kuma ko'ina aka kai za a juya, ko da ƙololuwar na gaban ido.

Raɓa ta jiƙa musu ƙafafun wando a sa'ar farko. Ana tafiyar minti 40 a huta minti 10, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi. A kowane hutu malamin na buɗe taswira ya sa yaro ɗaya ya nuna inda suke. A kwana ta uku ta labin wata yarinya ta lura da kanta cewa inda layukan suka matsu da juna shi ne falalen da suke hange a damarsu, inda suka buɗe kuwa shi ne inda suke tsaye. Gwaggon biri sun yi ta haushi daga wani tsauni, dattijon ya ce a yi shiru a wuce. Wani yaro mai asma numfashinsa ya yi nauyi bayan sa'a biyu. Ya shaƙi maganinsa, ya ce zai iya, amma aka bar shi da ɗan sa-kai ɗaya a inuwar wata kaɗanya, aka ɗauke su a dawowa ta wata 'yar mahaɗa. Ba wanda ya yi masa dariya, don tun a makaranta an faɗa cewa tsayawa na cikin tsarin.

Ƙarfe 9:20 suka kai sama, sa'a uku da minti ashirin ke nan. Iska na kaɗawa da ɗan sanyi, sama garau. Ta arewa dajin ya shimfiɗu kore har inda ido ya gaza. Ta gabas da kudu duwatsu ne jere a bayan juna, na nesa sun yi shuɗi. A ƙasa ga ƙauyensu, kwanon makaranta na ƙyalli, gonakin masara sun yi fari, fadamun rake da shinkafa na nan kore, ga kuma tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika. Yaran sun daɗe suna neman rufin gidajensu kafin a iya fara darasi. Malamin ya sa suka bi ƙoramar da ido daga inda ta tsattsafo a ƙarƙashin ƙafarsu har ta ɓace a daji, sannan suka bi ta a taswira. Ya bayyana musu cewa ruwan yankin da yawansa Kogin Kano yake nufa, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, daga can ya shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura, sannan ya haɗu da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja. Mahaifin yaron ya ce shekararsa hamsin a garin, yau ya fara ganinsa daga sama.

Ƙarfe 10 aka fara sauka. Saukar ta fi hawan cin gwiwa, sandunan sun yi amfani a nan fiye da ko'ina. Ƙarfe 11:30 suka iso magangarar ta cikin gora. Ruwan bai kai na Yuli ba, amma fari ne tas, yana faɗowa a faɗin dutsen da ƙara, inuwa ta rufe gurbin. An ja layi da sanda a ƙasa: ba mai wuce shi zuwa wurin zurfi, ba mai taka dutsen da ya yi baƙi. Aka ci abinci, aka huta, aka yi azahar a kan wani busasshen fa. Ledoji da gorunan da aka zo da su aka tattara a buhu. Kafin la'asar kowa na gidansu.

Sauran rukunai, da shekarar da ta biyo

Rukuni na biyu ya hau mako guda bayan haka, sakamakon kusan iri ɗaya. Na uku ya sami jinkiri saboda rasuwa a garin, sai a tsakiyar Disamba ya fita. Sun kai sama lafiya, amma hazo ya rufe komai, ko ƙauyen da ƙyar ake gani, wani gefen dutsen an riga an ƙone shi, ruwan kuma ya ragu sosai. An yi tafiyar, darasin taswirar bai samu ba.

A jarrabawar ƙarshen zango, 'yan rukuni na ɗaya da na biyu sun fi na uku iya tambayoyin tudu da kwari, duk da cewa yawansu bai kai a gina babban hukunci a kai ba. A shekara ta biyu aka matse rukunan duka cikin makonni uku na farkon lokacin. Da aka je duba labin bayan damina, an tarar inda aka sassabe ruwa ya fara bi yana cin ƙasa. Samarin gari suka jera duwatsu a gicciye a wuraren, kowane 'yan taku, don su karkatar da ruwan zuwa cikin ciyawa.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina abu uku ne suka raba hawa na uku da na farkon biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne hanya da tsarin bin ta. Ƙarin kilomita 2 ya kawar da falalen dutse da mashigin gindi, wuraren da dukan haɗarin Yuli ya faru. Farawa da ƙololuwa ya sa aikin da ya fi wuya ya faɗo a sa'o'in sanyi, ya kuma hana magangarar cinye lokaci da ƙarfin yara kafin a kai ko'ina, kamar yadda ta yi a baya.

Na biyu shi ne lokaci. Malamin ya yi tunanin zaɓi biyu ne, rani ko damina, alhali abin da ake nema yana cikin 'yan makonnin da ke tsakaninsu. Rukunin Disamba ya nuna ƙanƙantar wannan dama. Lissafin Naismith ba ƙarya ba ne, amma an yi shi ne don babban mutum mai ƙarfi da ya saba, ba tare da hutu ba. Ko a sabuwar hanyar ƙasa da sa'a biyu zai bayar, yaran kuwa sun ci fiye da uku. Ayari da saurin na bayansa yake tafiya, shi ya sa mayar da masu sanyin tafiya gaba ya hana layin tsinkewa.

Kayan da aka kashe wa kuɗi, igiya da sabon kambas, ba su ƙara komai ba, a Yuli ma cutarwa suka yi. Abubuwan da suka yi amfani, sanda da usur da tsohon takalmi da ruwa lita 2, kusan duk a gida ake da su. Ilimin da ya warware matsalar kuwa yana garin tun kafin a turo malamin, a wurin maharbi da makiyayi da mata masu itace, kuma bai same shi ba sai da ya bi ta ƙofar dagaci. Wannan bin ta ƙofa shi ne na uku, domin shi ya dawo da yardar iyaye. Ba don ita ba, da hanin shugaban makaranta na nan har yau. Ina kuma ganin ya cancanci a yaba wa malamin da bai yi zuciya ya bar abin ba bayan daren da iyaye suka taru a kansa.

Akwai abubuwan da ba a warware ba. Sarkin baka ya tsufa, gwiwarsa ta fara ba shi matsala, samari biyu da yake koya wa hanyar ba su gama sanin alamomin hadari da na ƙorama ba. Ɗan abin da ake ba shi da 'yan sa-kai daga aljihun malamai yake fitowa, babu wani tanadi a makaranta. Masu gawayi kuma sun fara sare marke da kirya a gangaren yamma, inda labin ya fi buƙatar inuwa da saiwar da za ta riƙe ƙasa. Dagaci ya kira su ya yi magana, an tsayar da saran a kusa da hanyar, amma a ɗaya gefen dutsen, wanda ke ƙarƙashin wani gari, ana ci gaba.